Makarar Anti Agogo

Shekara ashirin da uku ta yi tana rajistar takardun kaya a kamfanin jigilar nan, kuma a duk tsawonsu babu wanda ya taɓa rigan ta isowa in ban da mai gadi, shi ma don a bakin ƙofar yake kwana ne. Bakwai da rabi na bugawa za ka gan ta tsaye a get, jaka a kafaɗa, filas ɗin shayi a hannu, tana jiran a buɗe ginin. Direbobin kamfani ne suka laƙa mata Anti Agogo, sunan kuwa ya bi ta har ya danne na yanka. To wannan matar ce aka miƙa wa takardar tuhuma ta uku a kan makara, ranar wata Litinin da hantsi. Makara fa! Wanda ma abin bai shafa ba sai da ya riƙe baki.

Ga yadda aka yi aka zo nan. Wata biyar da suka wuce, manajan ma'aikata, wanda ake kira Jan Biro a bayan idonsa, ya je wani taron bita na kwana uku, ya dawo da jaka mai tambari da kuma sabon tsari. Ya sa aka ɗauke littafin sa hannu daga teburin mai gadi, ya ce zamaninsa ya wuce. Daga yanzu kwamfuta ce shaida: ka zauna, ka buga kalmar sirrinka, lokacin da ta buɗe maka har sunanka ya isa babbar na'urar kamfani, shi ne lokacin zuwanka aiki. Takwas daidai ce iyaka. Wanda ya tara tuhuma uku sai kwamiti, daga kwamiti kuwa kowa ya san sai ƙofa.

Kowa a benen da take aiki, da ya buga kalmarsa, kafin ya gyara zama kwamfuta ta buɗe. Ta Anti kuwa sai ta nuna wani ɗan zobe a tsakiyar gilashi, yana juyawa, yana juyawa. Anti ta zuba shayi ta shanye, ta share tebur, ta jera takardun jiya, ta amsa gaisuwar waɗanda suka zo bayanta da minti goma, su shiga su kama aiki, ita tana nan tana kallon zobe. Sai takwas da minti tara, wata rana da sha biyu, sannan ya ga dama ya ba ta hanya. Ta so ta riƙa shiga da wuri fiye da haka, mai gadi ya ce an hana shi buɗe ginin kafin takwas saura ashirin. Ta so ta bar kwamfutar ta kwana a kunne, ashe shida na yamma ake kashe wutar benen gaba ɗaya. Duk ta inda ta ɓullo a toshe yake.

Da takardar a hannu ta nufi ofishin Jan Biro, ko ƙofa ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta same shi yana goge tabarau da bakin rigarsa.

"Ranka ya daɗe, wannan ta mece ce?"

"Ai kin iya karatu, Anti."

"Na iya. Abin da aka rubuta ne ya fi ƙarfin karatuna. Ni ce nake makara? Ranar Juma'a kai da kanka ka wuce ni a zaune, takwas saura kwata, har ka ce min ina kwana."

"Ni ba na riƙe lokaci. Na'ura ce ke riƙewa, ita kuwa ba ta san fuskar kowa ba, ba ta da ƙawa, ba ta da maƙiyi."

"To a kira mai gadi a tambaye shi."

"Mai gadi ba ya cikin tsari."

"Da alama gaskiya ma ba ta cikinsa."

Ya maƙala tabarau ya dube ta ta samansa. Ya ce kwamiti zai zauna ranar Alhamis ƙarfe goma, Darakta da kansa zai jagoranta, kuma shawarar da zai ba ta a matsayinta na babba ita ce ta sauke murya. Ba ta sauke ba. Ta fito ta bar masa ƙofa a wangale, ranta na tafasa, ta gangara ƙasa wurin mai gyaran kwamfutocin kamfani.

Ɗakinsa a ƙarƙashin bene yake, da can sito ne. Babu taga, sai na'urar sanyaya ɗaki da ke huci dare da rana saboda babbar na'urar da ke kusurwa, wadda shi yake kira sabar. Shi kuwa Kashe-Kunna ake ce masa, domin kowace irin cuta ka kawo masa maganinsa ɗaya ne: "Ka kashe ka kunna?" Magidanci ne, ya doshi arba'in, ba shi da mugun hali, sai dai in magana ta yi zafi idonsa kan nemi ƙasa. Sau huɗu Anti tana kiran sa a kan wannan matsala. Na farko ya kashe ya kunna. Na biyu ya sake waya. Na uku ya buɗe cikin kwamfutar ya hure ƙura, ya ce tsufa ne. Na huɗu ya sosa ƙeya ya ce, "Anti, ko dai hannunki ne ba sauri wurin buga kalmar?" Wannan maganar har yau ba ta sauka daga wuyanta ba.

Ta same shi yana kwance wata tsohuwar firinta. Ta dire masa takardar tuhuma a kan kayan aikinsa, ta ɗora wani ƙaramin littafi a kai.

"Anti, sannu. Kin kashe kin..."

"Ka ƙarasa ka gani. Wallahi ka ƙarasa, yau ni da kai ne a ɗakin nan."

Ya haɗiye sauran. Ta buɗe littafin. Tun ranar da aka ba ta tuhumar farko ta fara rubutawa, kowace safiya layi ɗaya: kwanan wata, lokacin da ta buga kalma, lokacin da aka buɗe mata. Minti ashirin da shida, ashirin da takwas, ashirin da biyar, shafi bayan shafi, da rubutun nan nata mai kyau kamar na ɗab'i. Amma kwana biyu ta kewaye su da biro.

"Waɗannan fa?" ya tambaya.

"Kai zan tambaya, ai kai ne masani. Ranakun nan biyu kaɗai ta buɗe min kafin in aje jaka. Hannuna ne ya yi sauri ran nan?"

Ya dubi kwanan watan, ya sake duba. Ya ɗaga kai ya kalli kalandar bango inda yake yin 'yan alamominsa. Sai ta ga fuskarsa ta canza.

"Ranar nan ce masu haƙa kwata suka datse wayar intanet a bakin titi. Wannan ta biyun kuma ranar da kamfanin intanet suka yi gyara, har azahar babu layi."

"Na tuna. Kowa yana ta ƙorafi ba intanet, ni kaɗai nake aiki lafiya."

"Ba intanet, taki ta yi sauri," ya faɗa a hankali, ba da ita yake ba. Ya miƙe ya goge hannu a wando. "Anti, mu je sama."

A teburinta ya ja kujera ya zauna, ya shiga da tasa kalmar ta masu gyara, ya buɗe wata taga, daga cikinta ya buɗe wata, har ya iso wani ɗan akwati mai layi biyu na lambobi. Ya tsaya yana kallon su kamar wanda ya ga kunama a takalminsa.

"Yi min bayani," ta ce. "Da Hausa, ba da yarenku ba."

Ya ja numfashi. "Kin ga, in kin buga kalmar sirri, ba wannan kwamfutar ce ke ba ki izini ba. Sai ta je wurin sabar da ke ƙasa ta ce ga wance, a bar ta ta shiga? To amma sunan sabar kawai ta sani, ba ta san inda take ba. Dole sai ta fara tambayar mai nuna adireshi, shi muke kira DNS. Muna da namu na cikin gida, ya san kowace na'ura a ginin nan. Akwai kuma na waje, na duniya, wanda ya san shafukan intanet kaf, amma bai taɓa jin sunan sabarmu ba."

"Ina jin ka."

"Layin farko shi ake fara tambaya. A kwamfutar kowa namu ne a farko. A taki na waje ne a farko, namu yana na biyu. Kullum da safe sai ta fita waje ta tambaya, a ce mata babu mai wannan suna. Ita kuma tunda an ba ta amsa, ko da ta banza ce, ba ta waiwayar na biyu. Sai ta jira, ta sake tambaya, ta sake jira, kowane abu da take nema daga sabar sai ta yi wannan zaryar. Sai ta gaji sannan ta koma tsohuwar hanya, ta yi ta cigiya a cikin gini har sabar ta ji ta amsa. Ranar da ba intanet kuwa, na waje shiru ya yi, bai ce e ba bai ce a'a ba, sai ta juya wurin namu, nan take ya nuna mata."

Anti ta dafe tebur. "Wato wata biyar tana fita titi tana tambayar baƙi inda ɗakin ƙarƙashin bene yake?"

"Kusan haka ne."

"Lambobi biyu. A kan lambobi biyu aka ci min mutunci sau uku a rubuce. Kai kuma ka zo kana hure min ƙura, kana zagin hannuna! Wa ya sa su a haka?"

Nan idon Kashe-Kunna ya nemi ƙasa. Sai da ta maimaita tambayar da muryar da ta sa na teburin kusa suka ɗago kai, sannan ya matso ya yi ƙasa da tasa. Kwamfutar nan, ya ce, ai ta san da can ta Jan Biro ce, da aka sayo masa ta tafi-da-gidanka aka miƙo mata wannan, a daidai watan da aka fara sabon tsari. Mai nuna adireshi na cikin gida yana toshe shafukan ƙwallo, umarnin Darakta ne. Jan Biro kuwa ba ya iya yini bai ga wasa ba, shi ne ya kira shi ya ce ya san yadda zai yi. Shi kuma mai gyara ya sa masa na waje a farko. Shi manaja bai damu da jinkirin safe ba, lokacin yana zagayen ofisoshi yana ba da umarni, kuma babu mai rubuta nasa lokacin. Ranar da za a ba Anti, ƙa'ida ita ce a goge komai a sake ɗora mata sabo, amma manaja ya ce a kai yau-yau, shi kuma ya ɗauka ya kai, ya manta.

"Ka manta," ta ce.

"Wallahi na manta, Anti. Amma gyaran ba komai ba ne, ko minti ɗaya ba zai kai ba. Bari ki gani."

Ya kai hannu kan linzamin kwamfutar. Ta doke hannun, tas, har na teburin kusa ya zabura.

"Kar ka taɓa!"

"Anti, gyarawa fa zan yi."

"Na ce kar ka taɓa. Ka gyara yau, Alhamis in ce musu me? In ce da can tana yi, yanzu ta daina? Wa zai yarda? Haka za ta zauna da cutarta har Darakta ya hawo benen nan da ƙafarsa, ya zauna a kujerar nan, ya kalli zoben nan minti ashirin da shida kamar yadda na kalle shi wata biyar. Sannan kai ka tsaya ka faɗa masa abin da ka faɗa min."

"Har da maganar ƙwallo?"

"In an tambaye ka wa ya sa, ƙarya za ka yi?"

Ta ga tsoro ƙarara a fuskarsa, ta ɗan sassauta, don ita ba muguwa ba ce, fushi ne kawai ya cika ta.

"Ƙanena, ban ce ka tona wa kowa asiri don nishaɗi ba. Aikina ne a kan layi, da sunana. Ka yi min alkawari ba za ka taɓa ta ba sai kwamiti ya gani."

"Na yi alkawari, Anti."

Ranar Laraba da yamma tana gida tana guge rigar da za ta sa, maigidanta na zaune a kujerar roba a bakin ƙofa, ƙafarsa ta hagu a miƙe a kan matashi. Tsohon direban babbar mota ne, shekara uku ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta sauke shi daga sitiyari, tun daga lokacin gidan a wuyanta yake, har da karatun autarsu da ke shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya. Ta ba shi labarin tun daga farko, karo na uku, tana danna dutsen guga kamar rigar ce ta yi mata laifi.

"A hankali, uwargida, rigar ba ta kallon ƙwallo."

"Kai komai wasa ne a wurinka."

"Ba wasa nake ba. Shi yaron nan mai gyara, kin tabbata da shi?"

"Ba yaro ba ne, 'ya'yansa uku. Kuma ya yi min alkawari."

"Ke ya yi wa alkawari, amma ba ke ce ke sa hannu a takardar aikinsa ba. Ni dai da kin bari ya gyara tun Litinin, ki je ki ba su haƙuri, a wuce wurin."

Ta dire dutsen guga. "In ba da haƙurin me? Malam, shekara nawa kana ganin ina fita gidan nan kafin masu shara su fito? Ranar da na haifi auta ma sai da na je na miƙa makullin kabad kafin in wuce asibiti. Ni za a rubuta wa makara, kuma ni zan ba da haƙuri?"

Ya ɗaga hannunsa mai lafiya alamar ya sallama. Ya ce Allah ya ba mai gaskiya sa'a, ta ce amin da ƙarfi.

Ranar Alhamis da safe ta buga kalmarta takwas saura sha bakwai, zoben ya kama juyawa. Karo na farko a wata biyar ta kalle shi da farin ciki, har tana ce masa a ranta, yi ta yi, ɗan albarka, kar ka gaji. Minti ashirin da bakwai cif ya ɗauka. Tara da rabi sakatariyar manaja ta leƙo ta ce ta sauko ta jira a ƙofar ɗakin taro, kada kwamiti ya zauna a neme ta. Ta sauka, ta zauna a benci, ta yi ta jira har goma da kwata kafin a kira ta.

Mutum uku ne a ciki: Darakta, dattijo mai furfura wanda kullum yake kamar jirgi zai tashi ya bar shi, sai wata wakiliyar ma'aikata da ba ta cika magana ba, sai Jan Biro da fayil a gabansa. Aka karanta tuhuma. Anti ta miƙe ta yi bayani tiryan-tiryan, ba ta ambaci ƙwallo ba, ta bar wannan ga mai shi. Ta ce ba ta roƙon komai illa su hau bene su gani da idonsu. Darakta ya dubi agogonsa, ya ce to a yi sauri, a kira mai gyara ma ya zo. Abin da ya ɗan ba ta mamaki, Jan Biro bai yi musu ba, shi ya ma fara miƙewa.

Suka hau. Ma'aikatan benen duk suka yi kamar suna aiki, kunnuwa a miƙe. Kashe-Kunna ya iso a ƙarshe, ya tsaya can kusa da kabad ɗin fayiloli. Anti ta kashe kwamfutar gaba ɗaya, ta kunna, ta ce, "Ranka ya daɗe, ka duba agogonka." Ta buga kalmarta, ta koma baya ta harɗe hannuwa.

Zoben ya juya sau biyu, kwamfutar ta buɗe.

Ba a kai daƙiƙa ashirin ba. Anti ta tsaya tana kallon gilashin. Ta ce a dakata, ta sake kashewa, ta sake kunnawa, ta sake buga kalmar. Kwamfutar ta sake buɗewa nan take, kamar ba ta taɓa sanin wata cuta ba. A lokacin ne idonta ya sauka kan linzamin. Ita bahaguwa ce, a hagu take aje shi tun da ta fara taɓa kwamfuta. Yanzu yana dama, kujerarta ma an ɗan ɗaga ta. Sai ta gane dalilin da ya sa aka zaunar da ita a benci minti arba'in da biyar.

Ta juya. "Faɗa musu."

Kashe-Kunna na kallon takalminsa.

"Kai nake wa magana. Faɗa musu abin da ka nuna min ranar Litinin. Lambobin nan biyu."

Darakta ya dube shi. "Akwai matsala a na'urar nan ko babu?"

Ya buɗe baki, ya saci kallon Jan Biro, ya rufe. Da ya sake buɗewa, muryar kamar ba tasa ba. "Ranka ya daɗe, a yanzu dai lafiyarta ƙalau. Ka san na'ura, wani lokaci takan yi nauyi."

"Ƙarya kake!" Muryarta ta cika benen. "Wallahi ƙarya kake, kuma ka san ƙarya kake! Kai da wanda ya aiko ka!"

"Kin gani ko, ranka ya daɗe," Jan Biro ya ce a sanyaye, har da girgiza kai irin na mai tausayi. "Abin da muke fama da shi ke nan."

Wakiliyar ma'aikata ta riƙo hannunta tana cewa ta yi haƙuri. Darakta ya sake duban agogo. Ba mugu ba ne, amma a gabansa ga na'ura tana aiki, ga masani ya ce lafiya, ga mace tana ihu, bai ga abin da zai ƙara bincika ba. Ya ce saboda shekarunta a kamfani ba zai so a rabu ta haka ba. Ta ɗauki takarda ta rubuta da hannunta cewa ta kasance tana makara, ta gane kuskurenta, ba za ta sake ba. In ta rubuta, a aje a fayil a matsayin gargaɗin ƙarshe, ta ci gaba da aikinta. In ba za ta rubuta ba, takardar sallama na nan a shirye, sa hannu kawai take jira.

Jan Biro ya zaro farar takarda daga fayil ya shimfiɗa a teburinta.

Ta daɗe tana kallon ta. Abin da zuciyarta ke so shi ne ta yayyaga ta, ta watsa masa a fuska, ta ɗauki jakarta da filas ɗinta ta sauka benen nan kanta a sama. Amma shekararta hamsin da huɗu, babu kamfanin da ke jiran mai rajista mai irin wannan shekaru, a gida kuma akwai mutum a kujerar roba da ƙafa a kan matashi, ga auta saura wata bakwai ta gama. Ta tsani kanta a wannan lokacin fiye da yadda ta tsani su biyun. Ta zauna, ta ɗauki biro, ta rubuta. Rubutun bai karkace ba, ko a nan hannunta ya ƙi yin aikin banza. Ta sa hannu, ta sa kwanan wata, ta tura takardar ba tare da ta ɗaga kai ba.

Suka sauka. Benen ya yi tsit, kowa ya dulmiya a gilashinsa, babu mai iya haɗa ido da ita. Kashe-Kunna kaɗai ya rage a jikin kabad. Ya daɗe a wurin kafin ya tako, ya rusuna a gefen teburin.

"Anti, don Allah ki yafe min. Jiya manaja ya kira ni, ashe wani ya kai masa labari. Yau kuma a kaina ya tsaya har na canza. Ya ce in kwamiti ya ga lambobin nan, ni zan tafi, ba shi ba, don ni na sa da hannuna. Yara uku gare ni, Anti, ƙaramar ko yaye ba a yi ba."

Ba ta ɗago ba. Ya shiga neman abin da zai faranta mata.

"Amma ai ko ba komai yanzu ta gyaru. Na mayar da namu a farko, na cire na wajen gaba ɗaya. Daga gobe, in Allah ya so, ba za ki ƙara makara ba."

Sai a nan ta ɗago ta dube shi.

"Ba zan ƙara ba?"

Ya ga abin da ya faɗa, ya kama in-ina.

"Su ba su sani ba," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Darakta bai sani ba. Waɗannan da ke zaune ma zato kawai suke. A duk ginin nan kai ne ka buɗe ka gani da idonka, kai ka yi min bayani da bakinka, ka san ban taɓa makara ba ko sau ɗaya. Ga shi tawadar ba ta gama bushewa ba, har kai ma ka fara faɗa. Tashi ka ba ni wuri."

Ya miƙe ya fita, ta ji takunsa yana gangarawa a hankali. Wani direba ya leƙo da takardar kaya a hannu, bai san abin da aka yi ba, ya washe baki ya ce, "Anti Agogo, a buga min hatimi in kama hanya."

"Kar ka sake kira na da wannan sunan," ta ce, ta karɓi takardar ta buga masa.